Ninkin Lamba, Rubutun Kimiyya da Hauhawar Kuɗin Ruwa: Laccar Bita ga Ɗaliban Koleji na Azarori

Hanya biyu ce abu yake ƙaruwa da ita. Ko dai a riƙa ɗora masa adadi guda a kowane zango, ko kuma a riƙa ninka abin da ya taru da lamba guda a kowane zango. Mai jefa dala ashirin a asusu kowace ranar kasuwa yana kan hanya ta farko: abin da ya ƙaru wannan mako shi ne zai ƙaru mako mai zuwa. Bashin da ake yi wa ruwa a kan ruwa, da garken awaki, da yawan jama'ar ƙasa, suna kan ta biyu: gwargwadon girman abin, gwargwadon ƙarin da zai samu. Hankalin ɗan Adam ya saba da ta farko, shi ya sa ta biyu take shammatar mutane.

Darussa uku na lissafin koleji an gina su ne don a iya ganin wannan hanya ta biyu tun kafin ta yi nisa: ninkin lamba da kanta, rubutun kimiyya, da lissafin kuɗin ruwa. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC yana bukatarsu a takarda. Manomin albasa a kwarin Tarka da mai sana'a a kasuwar Madawa suna bukatarsu a aljihu.

Tushe da lambar kafaɗa

Idan aka ninka lamba da kanta sau da yawa, rubutun yakan yi tsawo. Maimakon 2 × 2 × 2 × 2 × 2, sai a rubuta 2⁵. Littattafan koleji, da yake da Faransanci suke, suna kiran wannan puissance. Lambar da ke ƙasa ita ce tushe, wato abin da ake ninkawa. Ƙaramar da ke bisa kafaɗarta tana faɗin sau nawa tushen ya fito a cikin ninkin. Saboda haka 2⁵ = 32, 3⁴ = 81, 10³ = 1 000.

Wannan gajeren rubutu bai daɗe sosai ba. Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9, da kalmomi yake bayyana lambar da aka ninka da kanta. Ɗora ƙaramar lamba a kafaɗa ya bazu ne bayan littafin da Bafaranshe René Descartes ya fitar a 1637.

Kafaɗa 2 da kafaɗa 3 su ne na yau da kullum, domin su ne na fili da na ciki. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato 100², murabba'in mita 10 000. Idan aka ninka tsawon gona da faɗinta biyu-biyu, gonar ta ninku sau 2² = 4, kuma iri da taki da ban ruwa duk za su ninku huɗu. Idan aka gina rumbu mai siffar wani, amma tsayinsa da faɗinsa ta kowace fuska sun ninka na farkon, hatsin da zai ci ya ninku sau 2³ = 8.

Malamin tarihi Ibn Khallikan, a ƙarni na 13, ya kawo labarin da ya fi kowane nuna ƙarfin ninki. Wanda ya ƙago wasan dara na Indiya, mai gida 64, ya roƙi sarki ladar ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, haka har ƙarshe. A gida na goma sha ɗaya ƙwayoyin 2¹⁰ ne, wato 1 024. A gida na ƙarshe kuwa 2⁶³ ne, kuma jimillar allon duka ita ce 2⁶⁴ − 1, lamba mai gurbi ashirin: 18 446 744 073 709 551 615. Girbin alkamar duniya na ɗaruruwan shekaru bai kai haka ba.

Ƙa'idojin aiki

Ƙa'idojin ba su bukatar hadda, domin duk daga ƙirga suke fitowa.

Ta farko: idan tushe ɗaya ne kuma ana ninkawa, sai a haɗa lambobin kafaɗa. 2³ × 2⁴ biyu ce sau uku da biyu sau huɗu a jere, wato biyu sau bakwai, 2⁷ = 128.

Ta biyu: idan ana rabawa, sai a ɗebe. 10⁶ ÷ 10⁴ = 10². Murabba'in kilomita ɗaya murabba'in mita 10⁶ ne, hekta kuma 10⁴, don haka akwai hekta 100 a murabba'in kilomita.

Ta uku: idan ninkin ne aka sake ɗora wa kafaɗa, sai a ninka lambobin kafaɗar. (5²)³ = 5⁶ = 15 625.

Ta huɗu: kowace lamba, ban da sifili, idan kafaɗarta 0 ce, amsa 1 ce. Dalili shi ne 7³ ÷ 7³ daidai yake da 1, ƙa'ida ta biyu kuma ta ce 7⁰ ne.

Ta biyar: alamar ɗebewa a kafaɗa tana nufin rabawa. Daga 10³ zuwa 10² zuwa 10¹ zuwa 10⁰, kowane taki raba goma ne: 1 000, 100, 10, 1. Idan aka ci gaba da saukowa, 10⁻¹ = 0,1, 10⁻² = 0,01, 10⁻³ = 0,001. Lambar ƙanƙancewa take yi, amma ba ta faɗawa ƙasa da sifili.

Akwai kurakurai huɗu da suka fi cin maki a jarrabawa. Na farko, ɗaukar 2³ a matsayin 2 × 3. Amsar 8 ce, ba 6 ba. Na biyu, amfani da ƙa'idar ninkawa a wurin tarawa: 2³ + 2⁴ = 8 + 16 = 24, nesa da 128. Na uku, raba kafaɗa ga abubuwan da aka tara a cikin baka: (3 + 4)² = 49, alhali 3² + 4² = 25. Na huɗu, rashin lura da baka a gaban alamar ɗebewa: (−3)² = 9, amma −3² = −9. Maganinsu ɗaya ne: duk lokacin da shakka ta zo, a warware ninkin a rubuta shi dalla-dalla da ƙananan lambobi.

Rubutun kimiyya

Goma ta fi kowane tushe sauƙi, domin kafaɗarta ƙirgar sifili ce kawai. Jika, wato sefa dubu, 10³ ce. Miliyan 10⁶ ne, miliyar kuma 10⁹. A kunne miliyan da miliyar kamar maƙwabta ne, amma tsakaninsu akwai ninki dubu. Daƙiƙa miliyan ɗaya kwana goma sha ɗaya da rabi ne; daƙiƙa miliyar ɗaya ta haura shekara talatin da ɗaya. Mai sauraron labarin kasafin kuɗi a rediyo yana bukatar wannan bambanci a kansa.

Rubutun kimiyya hanya ce ta rubuta kowace lamba a matsayin a × 10ⁿ, inda a ta kai 1 amma ba ta kai 10 ba. A makarantun Nijar waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da guntayenta; a Najeriya ɗigo ake sawa a gurbinsa, ma'anar kuwa ɗaya ce. Aikin shi ne a matsar da waƙafin har ya tsaya bayan lamba ta farko da ba sifili ba, sannan a ƙirga gurbin da ya tsallake. Idan hagu ya tafi, kafaɗar goma ba ta da alama. Idan dama ya tafi, tana ɗauke da alamar ɗebewa.

Faɗin ƙasar Nijar murabba'in kilomita 1 267 000 ne, wato 1,267 × 10⁶. Ƙidayar 2012 ta samu mutum 17 138 707, kimanin 1,71 × 10⁷. Don a san mutum nawa ke kan kowane murabba'in kilomita a wannan shekarar, sai a raba gaba da gaba, goma da goma: 1,71 ÷ 1,267 ya ba da kimanin 1,35, sannan 10⁷ ÷ 10⁶ = 10. Amsa ita ce 13,5. Wannan matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, har da hamadar arewa, shi ya sa garuruwan kudancin jihar Tawa suka fi haka cunkoso nesa ba kusa ba.

Tsakanin duniya da rana kimanin mita 1,5 × 10¹¹ ne, haske kuma yana tafiyar mita 3 × 10⁸ a daƙiƙa. Rabawa ta ba da 0,5 × 10³, wanda gyararren rubutunsa shi ne 5 × 10², daƙiƙa 500, wato minti takwas da daƙiƙa ashirin. Wannan mataki na gyarawa shi ɗalibai suka fi mantawa: 0,5 × 10³ daidai ne a ƙima, amma bai cika sharaɗin rubutun kimiyya ba. Ta ɓangaren ƙanana kuwa, jar ƙwayar jini, wadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke shiga, faɗinta kimanin mita 7 × 10⁻⁶ ne. Kimanin guda ɗari da arba'in a jere ne za su cika milimita ɗaya. A kan kalkuleta da wayar hannu, 1,5E11 na nufin 1,5 × 10¹¹.

Misalin ruwan sama ya fi kusa da gida. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A kan hekta, lita 10⁴ ce. Daminar da ta ba da milimita 400 ta zuba wa kowace hekta lita 4 × 10² × 10⁴ = 4 × 10⁶, lita miliyan huɗu. A kan faƙo da gangaren duwatsun Adar, kaso mai yawa na wannan ruwa gudu yake yi ya tafi da ƙasa. Aikin raya ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, ya dogara ne da tare shi: jerin duwatsu, ramuka, madatsai da dashen itatuwa. Wanda ya iya wannan lissafi ya san yawan abin da ake ƙoƙarin tarewa a kowace hekta.

Kuɗin ruwa: mai sauƙi da mai hawa kan kansa

Musulunci ya haramta bayarwa da karɓar kuɗin ruwa, kuma hukuncin a bayyane yake a Suratul Baƙara da Ali Imrana. Koyon lissafinsa bai saɓa wa wannan ba. Wanda bai san yadda bashi ke hauhawa ba shi ya fi saurin faɗawa cikinsa, kuma lissafin nan shi ne dai na ribar kasuwanci, da haihuwar dabbobi, da tashin farashi.

A ruwa mai sauƙi, ana lissafa kason ne a kan uwar kuɗi kaɗai. Sefa 100 000 a kan kashi 10 cikin ɗari a shekara suna jawo 10 000 kowace shekara, ba ƙari ba ragi. Bayan shekara biyar jimilla 150 000 ce. Wannan hanyar tarawa ce.

A ruwa mai hawa kan kansa, ruwan bana yana shiga cikin uwar kuɗin baɗi. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari daidai yake da ninkawa da 1,1, domin 1 tana riƙe da asalin kuɗin, 0,1 kuma ita ce ƙarin. Shekara ta farko 100 000 × 1,1 = 110 000. Ta biyu 110 000 × 1,1 = 121 000. Ta uku 133 100. Tun da lamba ɗaya ake ta ninkawa, sai a taƙaita: jimilla ita ce uwar kuɗi × (1 + r)ⁿ, inda r ke nufin kason a rubutun waƙafi, n kuma yawan zanguna.

Tazarar hanyoyin biyu ba ta da yawa da farko. A shekara biyar 150 000 ne da 161 051. A shekara goma 200 000 ne da 259 374. A shekara ashirin 300 000 ne da 672 750. A shekara talatin 400 000 ne da 1 744 940. Kason bai canza ba ko sau ɗaya. Lokaci ne, wato lambar kafaɗa, ya yi wannan aiki.

Tambayar da ta fi muhimmanci a kowane rance ita ce tsawon zangon. Kashi 10 a shekara da kashi 10 a wata ba su da haɗi. A ɗauka mai lambu ya ranci sefa 50 000 don iri da taki da man injin ban ruwa, a kan kashi 10 a wata, ruwan kuma yana shiga uwar kuɗi idan ba a biya ba. Idan ya sayar da albasa ya biya bayan wata shida, zai ba da 50 000 × 1,1⁶, kimanin 88 578. Idan kasuwa ta faɗi ya kai shekara, bashin ya zama 50 000 × 1,1¹², kimanin 156 921. Abin da aka kira kashi 10 ya zama kashi 214 a shekara. Don a auna nisan wannan da abin da doka ta yarda: ƙa'idar da ta fara aiki a 2014 a ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO ta sa iyakar kashi 15 a shekara ga bankuna, da kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin rance.

Bashin hatsi ma haka yake, ko da ba a ambaci kuɗi ba. Wanda ya ci buhun gero ɗaya a tsakiyar damina bisa sharaɗin ya biya buhu ɗaya da rabi da kaka, ya ɗauki kashi 50 cikin ɗari a ƴan watanni. Idan damina uku a jere ba su yi kyau ba, ana ta sabunta bashin a kan abin da ya taru, zai zama 1,5³ = 3,375, wato fiye da buhu uku a kan ɗaya.

Irin wannan matsi na cikin dalilan da suka sa ake kafa bankunan hatsi a ƙauyuka, da ƙungiyoyin ajiya irin Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, inda mata ke zuba kuɗi duk mako, su ranta wa junansu, su raba abin da ya taru a ƙarshen zango. Adashi kuwa tarawa ce zalla: kowa abin da ya zuba shi zai kwasa.

Lissafin yana aiki ta fuskar alheri ma. Garken awaki goma da ke ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari a shekara, bayan an cire wanda ya mutu da wanda aka sayar, zai zama 10 × 1,2⁴ a shekara huɗu, wato ya haura ashirin. Ƴar kasuwar da ke mayar da ribarta cikin jari tana kan wannan hanya. Wadda ke cinye ribar kowane mako jarinta yana nan inda yake.

Lokacin ninkuwa, da raguwa

Akwai gajeriyar hanyar sanin lokacin da abu zai ninku biyu: a raba 72 da kason ƙaruwar. Ɗan Italiya Luca Pacioli ya ambace ta a littafinsa na 1494. A kan kashi 10, amsa kimanin zango bakwai ne, kuma 1,1⁷ = 1,95 ya tabbatar da haka. Idan zangon wata ne, bashin zai ninku kafin shekara ta zagayo. Ƙiyasi ne, ya fi dacewa da ƙananan kaso.

Ƙidayar jama'ar Nijar ta nuna wannan a fili: kimanin miliyan 5,1 a 1977, miliyan 7,2 a 1988, miliyan 11 a 2001, miliyan 17,1 a 2012. Tsakanin ƙidaya biyu na ƙarshe ƙaruwar ta kai kashi 3,9 a shekara, 72 ÷ 3,9 kuma ya ba da kimanin shekara goma sha takwas. Ma'anarsa, muddin kason ya tsaya haka, azuzuwa da rijiyoyi da gadajen asibiti sai sun ninku a cikin wannan wa'adi kafin a ce an tsaya inda ake.

Raguwa ninkawa ce da lambar da ba ta kai 1 ba. Gonar hekta takwas da ake raba wa magada gida biyu a kowane zamani tana komawa 8 × 2⁻³, hekta ɗaya, a zamani na uku. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, wato an ninka darajar sefa da 2⁻¹ a dare ɗaya. Tashin farashi yana yin irin wannan aiki a hankali: idan kaya na tashi da kashi 5 a shekara, bayan shekara goma farashi ya ninku da 1,05¹⁰ = 1,63, sefa 100 000 da aka ɓoye a ɗaki kuma ba za su sayi fiye da abin da 61 400 ke saye a da ba.

Nan ma akwai kuskuren da ya zama ruwan dare. Buhun albasa da ya tashi da kashi 20, sannan ya sauka da kashi 20, bai koma farashinsa na farko ba: 1,2 × 0,8 = 0,96, ya yi ƙasa da kashi 4. Kason da ke bin juna ninka su ake yi, ba a tara su.

Tsarin warware tambaya

Kowace tambaya ta ƙaruwa, a zauren jarrabawa ko a gaban mai ba da rance, tana warwaruwa da matakai biyar. A fara gano adadin farko. A tantance ko ƙarin a kan asali kaɗai ake lissafa shi, ko a kan duk abin da ya taru. A mayar da kason lambar ninkawa: ƙarin kashi 3,5 shi ne 1,035, ragin kashi 15 shi ne 0,85. A daidaita zango da lokaci, kason wata da yawan watanni, kason shekara da yawan shekaru. Daga ƙarshe a auna amsar da ƙa'idar 72 da kafaɗar goma: idan lissafin bashin jika hamsin ya fito da miliyoyi a wata shida, ko ya fito ƙasa da uwar kuɗi, to waƙafi ya kauce daga gurbinsa, sai a koma mataki na uku.